BAƘI DA BAƘA SUN HAIFI RAWAYA: LAIFIN WA?

A watan da ya wuce saura ƙiris wani maigadi ya rasa abincinsa a layinmu saboda launin kwiyakwiyai. Maigidansa, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin banki, yana da wata karya baƙa wuluk, irin ta Turawa wadda a ke kira Labrador. Ya kashe kuɗi mai kauri aka kai ta barbara wurin wani kare irinta, shi ma baƙi ƙirin, mai takardar asali har da hatimi. Bayan kwana sittin da 'yan kai ta haifi bakwai: huɗu baƙaƙe, biyu rawaya, ɗaya kuwa ƙasa-ƙasa kamar launin hanta. Dattijo ya dubi uwa, ya tuna uba, ya sake duban 'ya'ya, nan take ya yanke shari'a: ko dai mai karen nan ya yi masa musanye, ko kuwa maigadi ya bar ƙofa a buɗe da dare wani karen bola ya shigo. To, mai kare yana can nesa, maigadi kuwa ga shi a bakin ƙofa, sai aka yi haushin kaza huce kan dami.

Likitan dabbobin da ya zo duba mai jego shi ne ya raba gardama. Maigadi ba shi da laifi ko na anini, kuma hujjar da ta wanke shi ta girme shi, ta girmi maigidansa, don kuwa ta haura shekara ɗari da hamsin da fitowa duniya.

A garin Brno, wanda a yau ya ke cikin Jamhuriyar Cek, an yi wani malamin coci mai suna Gregor Mendel. Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa yana shuka wani irin wake a lambun gidan ibadarsu, yana haɗa wannan iri da wancan, yana ƙidaya abin da ya fito. Ya lura cewa idan ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure, 'ya'yan duka su kan fito da shunayya, sai ka rantse farin ya mutu. Amma idan ya haɗa 'ya'yan nan su-ya-su, sai ga farin ya sake ɓullowa a jikoki, kimanin ɗaya cikin kowane huɗu. Ya buga abin da ya gano a 1866, babu wanda ya kula shi, har ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana suka tono aikin nasa.

Abin da ya gano shi ne, kowace siffa ta gado tana tafiya ne da ƙwaya biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, muddin tana nan ita a ke gani. Wata kuwa mai laɓewa ce, ba ta fitowa fili sai ta gamu da 'yar'uwarta daga ɗaya ɓangaren, kuma tana iya yin zuriya biyar ko goma a laɓe ba wanda ya san da zamanta. Mu nan ƙasar mun san wannan lissafi ta hanya mai ɗaci, watau ta amosanin jini: miji lafiya lau, mata lafiya lau, kowannensu AS, amma kowane cikin da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafin launin kare shi ne wannan ɗin dai, sai dai shi bai kai ga kwanciyar asibiti ba.

Jikin kare sinadarin launi iri biyu kaɗai ya ke sarrafawa. Akwai mai duhu, wanda ya kan fito baƙi ko ƙasa-ƙasa, akwai kuma mai haske, wanda ya kama daga ja zuwa rawaya har zuwa kusan fari. Duk launin da ka taɓa gani a jikin kare daga waɗannan biyu ya fito. A jinsin Labrador wurare biyu ne cikin ƙwayoyin gado ke raba launukan nan uku, kuma masana sun laƙaba musu haruffan B da E. Mai karatu ya ƙaddara marina ce. Shi B shi ne mai haɗa rini a rijiya. Idan kare ya gaji babban B ko da guda ɗaya ne, rinin baƙi ne. Sai ya gaji ƙananan b guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, sa'an nan rinin ya koma ƙasa-ƙasa, launin da Turawa a da su ke kira ruwan hanta, daga baya 'yan kasuwa suka ga sunan ba ya jawo mai saye suka mai da shi ruwan cakulan. Shi kuwa E shi ne mai tsoma zane. Idan akwai babban E ko da ɗaya ne, an tsoma gashi a rijiya ke nan, ya ɗauki duk abin da ke ciki. Idan kuwa ƙananan e biyu suka haɗu, ba a tsoma gashin ba sam, sai ya fito rawaya, ko baƙi ne a rijiyar ko ƙasa-ƙasa.

Ga wani abin sha'awa. Gashi ne kaɗai ba a tsoma ba, fata tana nan da rininta. Saboda haka idan ka dubi hanci da leɓe da gefen idon rawayar Labrador, za ka san abin da ke cikin rijiyarsa: mai baƙin hanci yana ɗauke da babban B, mai hanci ja-ja kamar nama tun haihuwa kuwa ƙananan b biyu gare shi.

Yanzu mu koma gidan dattijo. Karyarsa baƙa ce a ido, amma tana ɗauke da ƙaramin b ɗaya da ƙaramin e ɗaya a laɓe. Karen da aka kai ta wurinsa shi ma hakanan. Idan aka haɗa irin waɗannan biyu, aka kasa rabo kashi goma sha shida, tara baƙaƙe ne, huɗu rawaya, uku ƙasa-ƙasa. Huɗu da biyu da ɗaya cikin bakwai, kamar yadda ya samu, kusan a ce daga littafi aka kwafo. Ko da ya ke kowane kwikwiyo ƙuri'arsa dabam ya ke ɗauka, ba ruwansa da ta ɗan'uwansa, don haka ba abin mamaki ba ne a wata haihuwar duk bakwai ɗin su fito baƙaƙe, mai gida ya ci gaba da zama cikin duhu game da abin da karyarsa ke ɗauke da shi.

Lissafin nan ya kan kuma bi ta bayan gida. A haɗa rawaya da ƙasa-ƙasa, babu baƙi ko ɗaya cikin iyaye, amma 'ya'yan duka su fito baƙaƙe wuluk, domin rawayar ta kawo baƙin rini, ƙasa-ƙasan ya kawo mai tsomawa. Wuraren da zargi ya halatta biyu ne. Rawaya da rawaya ba sa haifar komai sai rawaya, tun da babu babban E a gidan. Ƙasa-ƙasa da ƙasa-ƙasa su kan haifi irinsu ko rawaya, amma ba sa haifar baƙi, tun da babu babban B. Wanda ya ga baƙin kwikwiyo a ɗaya daga cikin waɗannan biyu, shi ne ya cancanci ya kira maigadi ya tambaye shi zancen ƙofa. Kuma abin yana yiwuwa, don gaskiya ne karya ta kan ɗauki ciki ɗaya daga karnuka biyu idan duka sun same ta a kwanakin zafinta.

Abin da ba gaskiya ba ne shi ne tsoro na biyu da ya kama dattijo, wai karyar da karen bola ya taɓa ta ɓaci ke nan har abada, duk abin da za ta haifa nan gaba sai ya ɗauko kamannin na farko. Wannan camfi ba namu ba ne mu kaɗai, manyan Ingila sun daɗe suna riƙe da shi. A 1820 wani basarake, Lord Morton, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa goɗiyarsa da ya taɓa haɗawa da wani irin jakin dawa ta haifi 'ya'ya masu zane-zane a ƙafa bayan an kai ta wurin ingarman doki. Har Charles Darwin ya yarda da labarin. Sai wani masani a Sikotland, James Cossar Ewart, ya sa kansa ya maimaita gwajin da jakin dawa da goɗiyoyi da dama, ya buga sakamakon a 1899: babu komai. Kowane ciki da ubansa, na jiya ba ya bin na yau.

Da a ce Turawan da suka ƙago wannan jinsi sun san lissafin Mendel, da kwiyakwiyai da yawa sun tsira. Asalin Labrador ba daga yankin Labrador ba ne, daga tsibirin Newfoundland ne da ke maƙwabtaka da shi a gabashin Kanada, inda masunta ke da wani baƙin kare mai gajeren gashi da ke faɗawa cikin ruwan sanyi yana jawo igiyar koma, yana kamo kifin da ya kuɓuce daga ƙugiya. Jiragen da ke kai kifi tashar Poole a kudancin Ingila su suka riƙa zuwa da shi tun farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Malmesbury da na Buccleuch suka riƙe irin domin farautar tsuntsaye. A wurinsu Labrador baƙi ne, shi ke nan. Wanda ya fito da wani launi aibi ne, ba a shigar da shi littafi, sau da yawa ma ba a bari ya rayu. Sai a 1899 aka haifi wani rawaya mai suna Ben of Hyde a gidan Manjo Radclyffe, daga iyaye baƙaƙe biyu, aka bar shi ya girma, kuma shi ne rawaya na farko da aka amince da shi. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila ta karɓi jinsin a 1903, ta Amurka a 1917. Kakan nasu na Newfoundland kuwa, harajin karnuka da aka ɗora a tsibirin don kare tumaki da dokar killace dabbobi ta Ingila suka taru suka karya kasuwarsa, har ya ƙare ƙaƙaf wajen shekarun 1980.

Irin wannan kwikwiyo da ya saɓa wa 'yan'uwansa shi ne ya haifar da wani jinsi sukutum. A 1865 wani attajiri, Dudley Marjoribanks, wanda daga baya ya zama Lord Tweedmouth, ya sayi wani kare mai suna Nous a garin Brighton, shi kaɗai ne rawaya cikin haihuwar da sauran duka baƙaƙe ne masu dogon gashi. Ya tafi da shi gandunsa na Guisachan a tsaunukan Sikotland, a 1868 ya haɗa shi da wata karyar ruwa mai suna Belle, daga wani jinsi na bakin kogin Tweed wanda shi ma yanzu babu shi. Daga zuriyarsu aka sami karen da a ke kira Golden, watau mai ruwan zinariya, wanda aka ware masa rajistarsa a 1913. An daɗe ana yayata cewa wai daga wasu karnukan 'yan wasa na Rasha ya fito, har sai da aka buga abin da ke cikin littafin kiwon Tweedmouth a 1952, tatsuniyar ta ruguje.

Duk wani Golden na duniya ƙananan e biyu gare shi, shi ya sa ba ya haifar baƙi a tsakanin irinsa. Amma dubi hancinsa, baƙi ne. Galibinsu baƙin rini ne cike da rijiyarsu, mai tsomawa ne kurum babu. Saboda haka idan aka haɗa Golden da Labrador ƙasa-ƙasa, sau da yawa 'ya'yan baƙaƙe su ke fitowa, kuma da gajeren gashi, domin dogon gashi shi ma mai laɓewa ne. Masu cewa Golden ai Labrador ne mai dogon gashi sun yi kuskure, tushensu dabam, littafinsu dabam, ko da ya ke aikinsu ɗaya.

Aikin nan shi ne ya ba su sunan da Turawa ke kiransu da shi gaba ɗaya, wanda ma'anarsa masu ɗaukowa. Ba karnukan kora ba ne irin na 'yan farautarmu, ba kuma na gadi ba. Maharbi ya harbo agwagwa ta faɗa tsakiyar tafki, kare ya yi iyo ya ɗauko ta a baki ya kawo ba tare da haƙori ya huda ta ba. Jinsi shida ne aka sani da wannan suna. Ban da biyun da muka ambata, akwai mai kwantaccen gashi, baƙi ko ruwan hanta, wanda shi ne ɗan gatan masu gandu kafin Labrador ya ƙwace masa kasuwa. Har gobe ya kan haifi rawaya jefi-jefi, jinin da ya haɗa shi da Nous ke nan, kuma har gobe alƙalan gasa ba sa karɓar rawayar tasa. Akwai mai murɗaɗɗen gashi kamar na ɗan rago, wanda ya fi su tsawo. Akwai ɗan jan nan na Nova Scotia a Kanada, ƙaraminsu duka, mai dabarar yin tsalle-tsalle a bakin ruwa har agwagi su matso kallo su shigo inda harsashi zai kai. Sa'an nan akwai na mashigin Chesapeake a Amurka, wanda a ke danganta asalinsa da kwiyakwiyai biyu da aka ceto daga wani jirgin Ingila da ya nutse a 1807. Gashinsa mai maiƙo ne, ruwa ba ya kama shi, kuma shi ne mai taurin kai da rashin sakin jiki da baƙo a cikinsu. Babu baƙi a jinsinsa ko ɗaya, domin duka ƙananan b biyu gare su.

Labrador da Golden kuwa lafiyar halinsu ce ta fitar da su daga tafki ta kai su jagorancin makafi da sansano ƙwaya a filayen jirgin sama. Labrador ya riƙe matsayin na ɗaya a rajistar Amurka shekara 31 a jere, daga 1991, sai a 2022 wani ya ture shi. Wanda ya sayi ɗayansu don ya tsare masa gida ya sayi mai yi wa ɓarawo maraba da kaɗa wutsiya.

Tambayar da ta fi ta dattijo nauyi ita ce ko launi yana faɗin wani abu game da ingancin kare. Maharban Ingila sun daɗe suna cewa baƙi ya fi ƙwazo, ƙasa-ƙasa ya fi wauta. Ƙwayoyin B da E dai aikinsu rini ne. Wani Ba'amurke, Clarence Little, ya tsara lissafinsu a littafinsa na 1957 ta hanyar ƙidayar haihuwa kurum, sa'an nan aka gano ainihin ƙwayar E a 2000, ta B a 2002, har ta kai yau da ɗan yawun da aka goga daga kuncin kare a ke sanin launin da ya laɓe a jikinsa, a ke kuma tabbatar da ubansa. Amma a 2018 masana daga Jami'ar Sydney ta Ostareliya da kwalejin likitancin dabbobi ta Landan sun bincika takardun asibiti na Labrador 33,320 a Birtaniya, suka tarar ƙasa-ƙasa ya kan rayu kimanin shekara 10.7, baƙi da rawaya kuwa 12.1. Ciwon kunne ya kama kashi 23 cikin ɗari na ƙasa-ƙasa, alhali baƙaƙe kashi 13 ne bai cika ba, kuma ciwon fata ma ya fi yawa a cikinsu.

Masu binciken ba su ɗora laifin a kan rinin kansa ba. Zatonsu ya tafi ne ga masu kiwo. Tun da launin mai laɓewa ne, hanya mafi sauƙi ta samun cikin da duka zai fito ƙasa-ƙasa ita ce a haɗa ƙasa-ƙasa da ƙasa-ƙasa. Mai kiwon da ya sa launi a gaba ya rufe ƙofa ke nan ga mafi yawan karnuka masu lafiya, ya koma yana juya 'yan ƙalilan, kuma duk ciwon da ke laɓe a jikin 'yan ƙalilan ɗin nan zai gamu da ɗan'uwansa ya fito fili, daidai yadda ƙaramin b ya gamu da nasa. Ni a ganina wannan bayani ya fi kama hankali, don makiyayi ma ya san garken da ba a sako masa sabon bijimi ba ya daɗewa bai lalace ba.

Kasuwa kuwa ba ta tsaya nan ba. An fito da wani Labrador mai ruwan toka da a ke tallarsa da sunan azurfa, a ke tsuga masa kuɗi fiye da saura. Wata ƙwaya ce ta uku, ita ma mai laɓewa, wadda ke tsarma rini da ruwa, ƙasa-ƙasa ya koma toka-toka. Manyan ƙungiyoyin jinsin ba su yarda da shi cikin launukan gasa ba, da yawansu ma suna zargin an sako jinin wani karen Jamus mai wannan launi ne. Kuma an san wannan tsarmi ya kan zo da zubewar gashi a wasu karnuka. Mai saye ya biya ƙari ke nan a kan abin da ya kamata a rage masa. Abin da ya kamata ya nema a hannun mai sayarwa shi ne hoton ƙugu da na gwiwar hannu na uwa da uba, da shaidar gwajin ido, domin gocewar ƙugu da makanta su ne cututtukan gadon da suka addabi waɗannan jinsuna. Ya kuma tuna an ƙera rigarsu ne domin ruwan ƙanƙara, ba domin ranar watan Maris ta ƙasarmu ba, musamman Golden, wanda dogon gashinsa maɓoya ce ta kaska.

Dattijo dai ya saurari likita har ƙarshe, ya ce shi bai gane zancen haruffa ba, amma ya yarda. Rawayar nan biyu da suka kusan jawo kora su aka fara kamawa, mutane uku ke rububin ɗan ƙasa-ƙasan, baƙaƙen huɗu masu kama da iyayensu kuwa har yanzu ba wanda ya taya. Maigadi yana nan a bakin ƙofarsa. Ba a ba shi haƙuri ba, an dai ƙara masa aiki: shi zai ɗauki bakwai ɗin a kwali ran Asabar ya kai su allurar rigakafi.